Garin da Zazzaɓi Ya Ƙwace wa Suna

Lassa gari ne na Margi a kudancin Jihar Borno, cikin Ƙaramar Hukumar Askira/Uba, ba nisa da duwatsun da suka raba Najeriya da Kamaru. Mutanensa manoma ne, suna da kasuwarsu da makarantunsu da wani tsohon asibitin mishan. Amma yau in ka ambaci sunan a Landan ko Legas, kai ko a Kano ma, da wuya a sami wanda gari zai faɗo masa a rai. Ɓera za a tuna, da jini, da ma'aikatan asibiti sanye da fararen kaya tun daga ka har ƙafa. Abin da ya jawo haka ya faru ne cikin makonni kaɗan a farkon shekarar 1969, lokacin da hankalin ƙasa duk yana kan yaƙin basasa.

Tun ƙarshen shekarun 1920 'yan mishan na cocin da yau ake kira Ekklesiyar Yan'uwa a Najeriya suka kafa tasha a Lassa, bayan wadda suka fara buɗewa a Garkida a 1923. A asibitin wannan tasha wata nas Ba'amurkiya mai suna Laura Wine take aiki. Dattijuwa ce da ta kusa shekara 70, ta gama aikinta a ƙasarsu sannan ta taho ta ci gaba da karɓar haihuwa a nan. Wajen tsakiyar Janairun 1969 ta fara kukan ciwon baya da kasala. Likitan asibitin, John Hamer, ya yi abin da kowane likita a wannan ƙasa zai yi har gobe: ya ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro. Bai yi aiki ba. Aka koma kan allurar fenisilin da sauran magungunan da ke hannu, su ma shiru. Maƙogwaronta ya yi gyambo, wuya da fuska suka kumbura, fitsari ya ɗauke. Da abin ya gagara sai aka ɗauke ta a ƙaramin jirgin 'yan mishan zuwa Jos, asibitin Bingham na ƙungiyar SIM. Kwana ɗaya ta yi a can ta cika, ranar 26 ga Janairu.

Da a nan maganar ta tsaya, da babu wanda zai sake jin labarinta. Tsohuwa ta mutu da zazzaɓi a ƙasa mai zafi, mene ne abin mamaki? Sai dai cikin waɗanda suka yi jinyarta a Jos akwai wata nas, Charlotte Shaw, wadda ƙayar fure ta ɗan karce ta a yatsa. Da wannan yatsan, naɗe da auduga, ta goge wa mara lafiyar baki. Bayan kamar mako guda ita ma ta kwanta, da irin ciwon bayan, da irin zazzaɓin, kuma ranar 13 ga Fabrairu ta bi ta. Likitar asibitin, Jeanette Troup, ta ce lallai sai ta buɗe gawar ta ga abin da ya kashe abokiyar aikinta. Wadda ta taimaka mata a wannan aiki ita ce babbar nas ɗin asibitin, Lily Pinneo, wadda kowa ke kira Penny, kuma ita ma ta yi jinyar matan nan biyu. Kafin watan ya ƙare zazzaɓi ya kayar da ita.

Wannan karon ba a tsaya jira ba. Aka kai ta Legas, inda ta yi 'yan kwanaki a wani ɗakin keɓe masu annoba, sannan aka ciro kujeru daga gaban wani jirgin fasinja aka shimfiɗa ta, aka tashi da ita zuwa Niyok. Tare da ita aka tafi da kwalaben jinin matan da suka rasu. Wajen mako tara ta yi a asibiti, ta rame ta lalace, gashinta ya zube, amma ta tashi.

John Frame, likitan da ke duba lafiyar 'yan mishan ɗin SIM daga Niyok, shi ya tura jinin zuwa Jami'ar Yale, inda ake da ɗakin gwaje-gwaje na ƙwayoyin cutar da sauro da kaska ke yaɗawa. A can Sonja Buckley ta zuba jinin Pinneo a kan ƙwayoyin halittar ƙodar biri da ake renonsu a kwalba, ta ga suna mutuwa. Jordi Casals, mutumin Sifaniya da ya ƙware wajen tantance ƙwayoyin bairos, ya gwada abin da aka samu da ɗimbin waɗanda aka riga aka sani, bai dace da ko ɗaya ba. Da aka duba shi a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, sai aka ga ƙwallo ne mai ɗigo-ɗigo a ciki kamar an barbaɗa masa yashi. Daga kalmar yashi a Latin aka samo sunan dangin nasa duka. Shi kuwa aka laƙa masa sunan garin da mara lafiya ta farko ta fito.

A watan Yunin wannan shekara Casals kansa ya kamu. Yana kwance rai a hannun Allah aka nemo Pinneo, wadda ba ta gama murmurewa ba, aka ɗebi jininta aka tace ruwansa aka ɗura masa, bisa tunanin cewa garkuwar da jikinta ya haɗa za ta yi masa yaƙi. Ya warke. Ko ruwan jinin ne ya tashe shi ko kwanansa ne ke gaba, har yau masana na ja-in-ja, domin gwaje-gwajen baya ba su nuna wannan hanya tana da tabbas ba. Wajen ƙarshen shekarar kuma wani ma'aikacin ɗakin gwajin, Juan Roman, wanda ba ma a kan wannan ƙwaya yake aiki ba, ya kamu ya mutu. Jami'ar ta tsorata, ta dakatar da aikin, aka kwashe abin da ya rage zuwa hukumar CDC a Atlanta, inda ake da ɗaki mai tsananin tsaro.

Ana cikin haka cutar ta koma Jos. A ƙarshen Disambar 1969 aka kwantar da wata mata mai zazzaɓi a asibitin Evangel, wanda mutanen Jos suka fi sani da Jankwano. Ta yi kamar mako biyu a ɗakin mata ta warke ta tafi. Bayan tafiyarta sai waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da ita, da 'yan jinya, da masu zuwa dubiya, da ma'aikata suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Mutum 28 aka lissafa, 13 suka rasu. Dokta Troup ta gane abin da take gani, domin ta taɓa ganinsa. Ta sake ɗaukar wuƙa ta buɗe gawa don ta tabbatar, wuƙar ta zame ta yanke ta a yatsa ta cikin safar hannu. Ta rasu ranar 18 ga Fabrairun 1970. Pinneo ta taso daga Amurka da ruwan jininta don a ɗura mata, ba ta iso ba sai bayan mai afkuwa ta afku.

Littafin da John Fuller ya rubuta a 1974 mai suna Fever ya ba da labarin waɗannan mata filla-filla, kuma sun cancanci a tuna da su. Amma a duk lokacin da na bi wannan tarihi, abin da ke tsaya mini a rai shi ne sauran sha biyun da suka mutu a Jankwano. Su ne suka fi yawa, su ne 'yan ƙasa, kuma a takardu ba su wuce lambobi ba. Takardar farko da masanan suka buga a 1970 ta kira abin sabuwar cuta daga Afirka ta Yamma. Sabuwa ga wa? Tun a shekarun 1950 wani likita a gabashin Saliyo ya rubuta labarin wani zazzaɓi mai kisa da ke barin waɗanda suka tsira da kurumta, ba a san musabbabinsa ba. Da aka gwada jinin tsofaffin 'yan mishan da suka zauna a yankin, aka tarar wasunsu sun taɓa yin cutar shekaru kafin Laura Wine. Sannan a 2015 wasu masana, ciki har da 'yan Najeriya da 'yan Saliyo, suka bi salsalar ƙwayar ta hanyar karanta tsarin halittarta, suka ce ta haura shekara 1,000 a ƙasar da yau ake kira Najeriya, kuma daga nan ta yi yamma zuwa Gini da Laberiya da Saliyo cikin 'yan ƙarnonin baya. Wato tun kafin zamanin Sarki Rumfa tana nan tana ɗaukar mutane. A ce mayu ne, a ce iska ce, a ce shawara ce, a binne a dawo gida. Abin da ya sabunta a 1969 shi ne ta kama mutanen da ke da jirgin da zai kai jininsu Yale.

Saura tambaya ɗaya: ina take ɓuya in ba ta jikin mutum? Masanan suna da abin da suke zargi. 'Yar uwarta da ta addabi wani yanki na Bolibiya a farkon shekarun 1960 an gano a jikin wani ɓeran gona take zaune, haka ma wadda ke kama manoman masara a Ajantina. A 1972 cutar ta ɓarke a asibitin Zorzor na Laberiya, inda ta kashe wata sananniyar ungozoma 'yar mishan, Esther Bacon, sannan a Panguma cikin yankin haƙar lu'ulu'u na Saliyo. Tawagar da Thomas Monath ya jagoranta ta shiga gidajen Panguma da kewaye tana ɗana tarko, tana kama ɓeraye da jemagu da duk abin da ya faɗa. A jikin iri ɗaya aka sami ƙwayar, kuma aka buga sakamakon a 1974.

Wannan ɓera ba gafiya ba ce, ba jaba ba ce, ba kuma ƙaton ɓeran kwata na birni ba. Ɗan madaidaici ne mai laushin gashi, masana na kiransa Mastomys natalensis. Abin da ya bambanta macen shi ne yawan nonuwa, jere biyu tun daga ƙirji har mara, wani lokaci sun kai 24. Takan haifi goma ko fiye a ciki ɗaya, ta sake ɗaukar wani cikin ba da jimawa ba. Da damina yana gona yana cin rabonsa. In an yi girbi, aka kai hatsi rumbu, aka cinna wa daji wuta, sai ya biyo abincin zuwa gida. Ƙwayar ba ta kwantar da shi. Tun yana jariri yake ɗauka, ya yi ta zubar da ita a fitsari da kashi a kan duk abin da ya taka: buhun masara, garin rogon da aka shanya a bakin titi, kwanon tuwon da aka bari a buɗe, ƙurar da mace za ta share da safe. Yaran da ke farautarsa su feɗe su gasa su ma suna taɓa jininsa. Shi ya sa lissafin masu kamuwa yake tashi daga Disamba zuwa Maris ko Afrilu, ya lafa in ruwa ya sauka. Daga baya an sami ƙwayar a wasu ire-iren ɓerayen ma, amma wannan shi ne uban tafiya.

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ɓera ne ke kawo ta gida, amma manyan ɓarke-ɓarken da suka shiga tarihi, daga Jos zuwa Zorzor, a asibiti suka yi ƙarfi. A 1989 ta shiga wasu ƙananan asibitoci a Jihar Imo ta wancan lokaci ta yi ɓarna mai yawa, kuma binciken da aka yi ya nuna allura ɗaya da ake yi wa mutane da yawa da tiyatar da ake yi ba kariya su ne suka yaɗa ta. A shekarar ce kuma wani injiniya ɗan Najeriya mazaunin Amurka ya zo gida jana'izar mahaifiyarsa a yankin Ekpoma, ya koma Chicago ya mutu da ita. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A kwanakin farko babu abin da ya raba ta da maleriya ko taifot: zazzaɓi, ciwon kai, ciwon maƙogwaro, amai. Mutum zai fara da kemis, ya sha na maleriya, ya koma a ba shi na taifot, a ƙara masa ruwa a gida. Kafin wani ya yi tunanin Lassa an kwana goma, hannaye da yawa sun taɓa shi. Zubar jinin da mutane ke jira su gani kafin su yarda ba kowa ke yin sa ba, kuma in ya zo to an makara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi 80 cikin 100 na masu kamuwa ba sa ma sanin sun kamu, ko kuma ɗan zazzaɓi ne ya wuce. A jimlace mutum ɗaya cikin 100 ke mutuwa, amma cikin waɗanda ciwon ya kai su gadon asibiti abin ya kai kashi 15 ko fiye. Mai tsohon ciki ita ta fi shiga haɗari, domin galibi cikin ba ya tsira, sau da yawa har da uwar. Sannan ga abin da ba a cika faɗa ba: kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tashi sukan rasa ji, wasu ya dawo musu bayan 'yan watanni, wasu shi ke nan. Nakan yi tunanin kurame nawa ne a ƙauyukanmu da aka ce wani zazzaɓi ne ya toshe musu kunne suna yara, ba wanda ya taɓa gwada jininsu.

Yawancin abin da duniya ta sani game da jinyar cutar daga Saliyo ya fito. Daga tsakiyar shekarun 1970 Joseph McCormick na CDC ya kafa aikin bincike a Kenema da Segbwema, inda aka tarar a wasu asibitocin yankin fiye da mutum ɗaya cikin goma da aka kwantar Lassa ce ke damunsu. A can aka gwada maganin ribavirin, aka buga a 1986 cewa in an fara shi cikin kwana shida na farko yana rage mutuwa ƙwarai. Shi ake bayarwa har yau, ko da yake masanan da suka sake bin alƙaluman wancan gwaji a 'yan shekarun nan sun ce hujjar ba ta kai ƙarfin da aka ɗauka ba. Lissafin da ake ta maimaitawa a jaridu, wai mutum 100,000 zuwa 300,000 ke kamuwa duk shekara 5,000 su mutu, shi ma ƙiyasi ne da aka ɗora a kan aikin wancan zamani.

Da yaƙin basasar Saliyo ya ɓarke a 1991, baƙi suka watse, wani likita ɗan ƙasa, Aniru Conteh, ya riƙe ɗakin masu Lassa, ya mai da shi Kenema, ya yi ta jinyar mutane cikin yaƙi da rashin kayan aiki. A 2004 allurar da ya ɗebi jinin wata mai ciki da ita ta soke shi, cutar da ya shafe shekaru yana ceton mutane daga gare ta ta kashe shi. Wanda ya gaje shi, Sheik Humarr Khan, ya riƙe ɗakin kusan shekara goma. Saboda wannan ɗaki da ɗakin gwajinsa ne aka iya tabbatar da mai Ebola ta farko a Saliyo cikin Mayun 2014, kuma nan aka yi ta kawo masu sabuwar annobar. Khan ya rasu da Ebola ranar 29 ga Yulin shekarar, tare da nas-nas da dama na ɗakin.

Sunan Ebola ma yana da alaƙa da Lassa. A 1976, da masana suka zauna raɗa wa cutar da ta ɓarke a ƙauyen Yambuku na Zayar suna, wani cikinsu ya tuna musu irin tabon da aka bar wa mutanen Lassa, sai aka ɗauki sunan wani kogi da ke yankin maimakon na ƙauyen. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa a daina sa wa sababbin cututtuka sunan gari ko ƙasa ko ƙabila. Ƙa'idar ba ta shafi waɗanda aka riga aka raɗa ba.

A Najeriya kuwa, inda aka fara ganin ƙwayar, an ɗauki shekaru masu yawa sai an tura jini waje kafin a tabbatar da ita, sakamako ya dawo bayan an yi sadakar bakwai. Abin ya fara sauyawa ne da asibitin koyarwa na Irrua a Jihar Edo ya kafa cibiyar Lassa a 2007, ya kuma fara gwaji a gida da taimakon wata cibiyar bincike ta Hamburg a Jamus. A 2018 lissafi ya yi tsallen da ba a taɓa gani ba: hukumar NCDC ta tabbatar da mutum 633, 171 suka rasu. Hankali ya tashi, ana tsoron ko ƙwayar ta rikiɗa ta koyi bin mutane kamar Ebola. Masana a Irrua da Jami'ar Redeemer's da ke Ede suka karanta tsarin ƙwayoyin da aka samu a jikin marasa lafiya, suka tarar ba su da kusanci da juna: yawancinsu kowa daga nasa ɓeran ya ɗauka. Babu sabon iri. Wani ɓangare na ƙaruwar daga yawan gwaji ne, an fara ganin abin da dama yana nan. A 2020 waɗanda aka tabbatar sun haura 1,100. A watan Janairun wannan shekara aka kawo wata mai ciki daga Bauchi zuwa wani babban asibiti a Kano, aka yi mata tiyata ba a san me ke jikinta ba, likitoci biyu cikin waɗanda suka taɓa ta suka rasu. Kusan shekara 50 ke nan bayan rasuwar Dokta Troup.

Jihohin da suka fi yawan masu cutar a 'yan shekarun nan su ne Ondo da Edo da Bauchi da Taraba, sai irin su Ebonyi da Binuwai da Filato. Borno ba ta cikin na gaba-gaba. Garin Lassa kansa wata masifar ce ta same shi, domin a ƙarshen 2014 'yan Boko Haram sun afka masa suka ƙone gidaje da coci-coci, mutane suka gudu, daga baya suka dawo suna gyara abin da ya rage.

Har yanzu babu allurar rigakafin da aka amince da ita. A 2024 aka fara mataki na biyu na gwajin wata a Abuja, da niyyar haɗawa da Laberiya da Ghana. An gina ta ne a kan wani irin ƙwayar da aka samo daga wani mara lafiya a Saliyo a 1976, wanda masana ke kira Josiah. Lily Pinneo ta koma Jos ta ci gaba da aikinta na nas shekaru da dama, ta bi tawagar bincike zuwa Laberiya a 1972 tana ba da jininta, ta rasu a Amurka a 2012 tana da shekara 95. Ƙwayar da aka ciro daga jikinta a 1969 tana nan a daskare a ɗakunan gwaji masu tsaro, an rubuta wa kwalbar haruffa biyu na sunanta, LP.